Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi: Wa Ya Fi Cutar da Zamfara?

Direban da ya taso daga Funtua zai shiga Gusau, rana yake dubawa kafin ya dubi agogo. Da an wuce 'Yankara an shiga ƙasar Tsafe, hira takan mutu a cikin mota. A wuce Wanzamai, a wuce Kucheri da Magazu, kowa ya kama addu'ar da ya iya. Sai an hango Dutsen Kwatarkwashi sannan baki yake buɗewa, kuma da ya buɗe, zancen ɗaya ne. Wannan ya ce Buhari ne ya bar mu a hannun ɓarayin daji, wancan ya ce ai gara jiya da yau tunda Tinubu ya cire tallafin mai, wani dattijo daga kujerar baya ya gyara murya ya ce ku yara ne, tun zamanin Babangida aka karya ƙasar nan.

Duk cikinsu babu mai ƙarya. Amma ka lura, sunayen da ake kamawa a motar na mutanen da hotonsu ke rataye a ofisoshi ne. Babu mai kama sunan wanda ya sayi zinaren da aka haƙo a dajin Anka makon jiya, ko wanda ya kai jarkokin fetur dabar da ke bayan Tsafe, ko wanda ya karɓi shanun sata ya loda su a tirela zuwa Kudu. Shugaban ƙasa yana da suna, yana da ranar rantsuwa da ranar sauka. Waɗancan ba su da ko ɗaya, kuma ba su taɓa neman ƙuri'ar kowa ba. Tsakanin ɓarnar mai suna da ta marar suna, wacce ta fi yi wa Zamfara illa?

Bari mu fara da ta masu suna, don ita ce mai sauƙin ƙirgawa. Ranar 29 ga Mayun 2023, a jawabinsa na rantsuwa, Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Kafin mako ya zagayo litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, a shekarar 2024 kuma ta tsallake 1,000. A jihar da ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta 2019 ta ce kusan kashi 74 cikin ɗari na mutanenta matalauta ne, wannan ba ƙaramin duka ba ne, kuma jihar ce da ta ba Tinubu rinjaye a zaɓen. Watanni kaɗan kafin nan, Muhammadu Buhari da gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, sun sauya fasalin naira. Mai hatsi a kasuwar Tsafe da mai tumatir a Bungudu sun yini da kaya a gaba babu takardar kuɗin saye, sai da Zamfara da Kaduna da Kogi suka kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli. Ɗaya daga cikin hujjojin canjin shi ne wai zai hana biyan kuɗin fansa. A watan Afrilun 2023 aka kwashe mata da yara kusan 80 a Wanzamai, sun shiga daji neman itace.

Goodluck Jonathan ma yana da nasa kason. A 2010 likitocin Na-gari Na-kowa suka gano cewa gubar dalma ce ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake daka duwatsun zinare a tsakar gida, a turmin da ake daka hatsi. Yara aƙalla 400 suka mutu. Garin Bagega ya zauna cikin gubar yana jiran Abuja, sai a farkon 2013 aka saki kimanin dala miliyan 4 na share ƙasar garin, bayan matasa sun yi ta kururuwa a intanet. Likita ba zai iya fara magani ba sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar, don haka duk watan da takardar ta kwana a teburi, yaran Bagega ne suka biya.

Wannan ɓarna ce mai kwanan wata. Kana iya nuna ranar, ka nuna mai sa hannu.

Sai dai in ka tsaya ka tona kowace ɗaya, za ka tarar da wani zaune a gefenta yana ƙirga kuɗi. Abin kuwa ya daɗe. Dattawan Gusau suna tuna lokacin da garin ke tashi da jiniyar masaƙa. Jirgin ƙasa ya iso yankin tun ƙarshen shekarun 1920, ya bi ta Tsafe da Gusau ya tuƙe a Kauran Namoda, yana kwasar auduga da gyaɗa. Masaƙar Zamfara, wadda aka kafa a shekarun 1960, ta ciyar da dubban gidaje, daga ma'aikaci zuwa mai sayar masa da tuwo a bakin ƙofa zuwa manomin auduga a ƙauye. A 1986, cikin shirin tsuke bakin aljihu, gwamnatin Babangida ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, manomin auduga ya rasa tabbacin farashi da na iri. A 1997 gwamnatin Abacha ta ɗage haramcin shigo da yadi. Daga baya an sake haramtawa, amma atamfar China ta riga ta koyi hanya: ta sauka a Kwatano, ta haura Nijar, ta tsallako ta iyakokin Katsina da Sakkwato, ta kwana a Kantin Kwari. Tirela ba allura ba ce, ba ta wucewa ta shinge a ɓoye. Shugabanni sun buɗe ƙofa da alƙalami, 'yan fasa-ƙwauri da masu ɗaure musu gindi suka hana ta rufuwa ko da doka ta ce a rufe. A farkon shekarun 2000 injinan masaƙar suka yi shiru. 'Ya'yan waɗanda suka yi aiki a cikinta su ne yau ke kabu-kabu a Tudun Wada da Sabon Gari, wasu kuma suna cikin ramukan zinare.

Ko Bakolori, can wajen Talata Mafara, haka labarinta yake. Kamfanin Impresit na Italiya ya karɓi kwangilar madatsar ruwan a shekarun 1970 ya ci ribarsa, manoman da aka tasa daga gonakinsu suka yi ta bin diyya, a Afrilun 1980 kuma, zamanin Shehu Shagari, aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta. Sunan Shagari ne ya rage a bakin mutane. Ɗan kwangila ya naɗe kayansa ya koma gida.

Amma inda abin ya fi fitowa fili shi ne zinare, kuma a nan ya kamata mu daɗe.

Dokar Najeriya ta raba ƙasar Zamfara gida biyu. Abin da ke sama, wato gona da fili, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa shi a hannun gwamna. Abin da ke ƙarƙashi, tsarin mulki da dokar ma'adinai ta 2007 sun ce na tarayya ne, kuma a Abuja ake yanka lasisinsa. Soja da ɗan sanda su ma daga Abuja suke karɓar umarni. Saboda haka manomin da aka ga zinare a gonarsa ba shi da ta cewa, hakiminsa ba shi da ita a takarda, gwamna ma in an matsa shi sai ya ce ba huruminsa ba ne. A irin wannan tsaga ne masu uwa a gindin murhu suke yin sheƙa.

A watan Afrilun 2019 gwamnatin Buhari ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara baki ɗaya, ta ce akwai alaƙa tsakanin masu haƙa da 'yan bindiga, ta ba baƙi 'yan ƙasashen waje wa'adi su fice. A farkon Maris na 2021, kwanaki kaɗan bayan sace 'yan mata 279 a makarantar Jangebe, mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro Babagana Monguno ya sanar da hana jirage shawagi a samaniyar jihar. Wannan sanarwa ta ɗaure wa mutane kai, don da ma an daɗe ana raɗe-raɗin cewa jirage masu saukar ungulu na sauka a daji su sauke makamai su ɗauki zinare, ga shi gwamnati da kanta ta yi abin da ke kama da gaskata zancen. Jama'a suka zuba ido su ga an kama jirgi ɗaya, an faɗi mai shi. Shiru.

Wa haramcin ya hana? Ya hana mai lasisin da ke tsoron doka, ya mai da talaka mai diga da shebur mai laifi, wanda kowane mai kaki zai iya tsarewa ya tatsa. Rami kuwa bai rufe ba, sai dai ya koma hannun mai bindiga. Halilu Sububu, wanda sojoji suka kashe a watan Satumban 2024, ya yi suna ne da riƙe wuraren haƙar zinare a yankin Anka da safarar makamai, fiye da yadda ya yi suna da satar shanu. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: lokacin da aka sa haramcin, ozar zinare a kasuwar duniya tana wajen dala 1,300; lokacin da ministan ma'adinai Dele Alake ya ɗage shi a Disambar 2024, ta haura dala 2,600. Shekara biyar da 'yan watanni farashi yana ninkuwa, baitulmali bai ga harajinsa ba. To ina ya tafi? Ɗan bindiga ba ya cin zinare, ba ya kuma hawa jirgi zuwa Dubai. Dole akwai dillali a gari, akwai mai narkarwa, akwai mai fasfo. Ƙungiyar Swissaid ta ƙasar Switzerland ta ƙiyasta cewa a 2022 kaɗai an yi fasa-ƙwaurin zinare aƙalla tan 435 daga Afirka, wanda kuɗinsa ya haura dala biliyan 30, mafi yawansa zuwa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa.

Manyan gwamnati sun san da haka, don su suke faɗa. A Disambar 2023 Alake ya shaida wa 'yan majalisar wakilai cewa wasu manyan 'yan Najeriya masu ƙarfi ne ke bayan haƙar ma'adinai ta haramtacciyar hanya, kuma su ke ɗaukar nauyin ta'addanci. A Janairun 2025 Sanata Adams Oshiomhole ya ɗora laifin a kan wasu janar-janar masu ritaya. Tun a Afrilun 2019 ministan tsaro Mansur Ɗan Ali, ɗan Birnin Magaji, ya zargi wasu sarakunan jihar da haɗa baki da 'yan bindiga. Kullum "wasu". Kalmar nan ta fi kowace kalma aiki a siyasar Zamfara.

Sau ɗaya dai an kusa wuce "wasu". A 2019 Gwamna Bello Matawalle ya kafa kwamiti ƙarƙashin tsohon sufeto janar na 'yan sanda M. D. Abubakar, ɗan Gusau, ya binciko tushen fitinar. Rahoton da aka miƙa a watan Oktoba ya ce daga 2011 zuwa 2019 mata 4,983 sun rasa mazajensu, yara 25,050 sun zama marayu, mutum sama da 190,000 sun bar gidajensu, an kuma biya kuɗin fansa wajen naira biliyan 3 don karɓo mutum 3,672. Ya nuna yatsa ga sarakuna 5 da hakimai 33, da wasu jami'an tsaro. Daga baya an tuɓe wasu rawuna, ciki har da na Zurmi da Ɗansadau a Afrilun 2022. Amma tuɓe rawani daban, shari'a daban. Marayun nan ba su ga an zauna a fili an bi sunayen ɗaya bayan ɗaya ba.

Ka dubi biliyan ukun nan da kyau. Kuɗin gonaki ne da aka sayar da araha, da shanun noma, da gudunmawar da aka tara a masallatai bayan sallar Juma'a. Ba a daji suka tsaya ba, don a daji babu kanti. Sun dawo gari, hannun mai sayar da babura, da mai fetur, da mai burodi da lemo, da mai ƙwaya, da infoma da ke zaune a majalisa ɗaya da wanda za a sace. Da ɗan gari akan ci gari. Shi ya sa da aka katse layukan waya a Satumban 2021, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka, wahalar ta sauka a kan mai neman magana da ɗansa, har sai ya hau mota zuwa Funtua ya buga waya ya dawo, galan ɗin fetur kuma ya yi tsadar da ta sa kai shi daji ya zama sana'a mai gwaɓi. Kusan duk ƙofar da aka rufe a jihar nan, an samu mai sayar da mabuɗinta.

Kada a ɗauka duk mai rawani ɓarawon zaune ne. A cikin wancan watan na Satumban 2021 aka sace Sarkin Bungudu, Alhaji Hassan Attahiru, a hanyar Kaduna zuwa Abuja, ya yi sama da wata guda a hannun masu garkuwa. Akwai dagatai da hakiman da aka kashe don sun ƙi ba da kai, akwai kuma waɗanda suka yi sulhu don babu soja ko ɗaya da zai kwana a garinsu. Amma abin da ya faru a 'Yandoto ranar 16 ga Yulin 2022 sai an daɗe ana tuna shi. Garin da ya yi suna da malamai tun kafin jihadi, a nan aka naɗa wa Ado Aleru rawanin Sarkin Fulani, mutumin da 'yan sandan Katsina suka sa ladar naira miliyan 5 a kansa tun 2020. An yi bikin da rana tsaka, jama'a sun taru, ya zo ya koma lafiya lau. Washegari gwamnati ta dakatar da sarkin da ya naɗa shi, bayan 'yan watanni aka mai da shi kujerarsa. Masu kare naɗin sun ce manoman Tsafe sun samu sun shiga gona a daminar. Mai yiwuwa haka ne. Sai dai hakan na nufin izinin noma a wannan yanki ya bar hannun hukuma.

'Yan siyasar jihar ma ƙungiyar masu cin gajiya ce mai zaman kanta, ko da wa ke Abuja. A 2019 rigimar Gwamna Abdul'aziz Yari da ɓangaren Sanata Kabiru Marafa, ɗan ƙasar Tsafe, ta hana APC yin zaɓen fid da gwani na halal, Kotun Ƙoli kuma ranar 24 ga Mayu ta zubar da ƙuri'u sama da 500,000 da aka jefa wa ɗan takararta, ta miƙa jihar ga PDP. Ba a rufe shekara ba Yari ya rubuta wa sabuwar gwamnati takarda yana neman naira miliyan 10 da doka ta yanka masa duk wata a matsayin tsohon gwamna. Takardar ta fita, aka yi ca, majalisar jiha ta soke dokar a Nuwamba, tana cewa tsofaffin shugabannin za su riƙa lashe kimanin naira miliyan 700 a shekara. Wannan a jihar da 'yan gudun hijira ke kwana a kangwaye da tashoshin mota na Gusau. Akwai kuma kuɗin tsaro da gwamnoni ke kashewa ba tare da mai bincike ya leƙa ba, wanda ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta a 2018 cewa a faɗin ƙasar ya kai dala miliyan 670 a shekara. In rashin tsaro ne ke buɗe wannan asusu, sai mutum ya tambayi kansa wa ke gaggawar ganin ya rufe.

Jan igiyar bai tsaya nan ba. Da aka sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a gidajensu na haya a Sabon Gida, cikin ƙasar Bungudu, ranar 22 ga Satumban 2023, Gwamna Dauda Lawal ya fito ya zargi wasu hukumomin tarayya da tattaunawa da 'yan bindiga a bayan idonsa. Shi ya ce ba sulhu, ya kafa Askarawan Zamfara a Janairun 2024. Wanda ya kayar a zaɓe, Matawalle, mai tsarin sulhu, shi Tinubu ya naɗa ƙaramin ministan tsaro. Sun yi ta jifan juna da zarge-zarge masu nauyi a gidajen talabijin, kowa yana musanta na ɗan'uwansa. Kachallan da ke zaune a dajin Munhaye yana sauraron rediyo kamar kowa, kuma ya san abin da rabuwar kan Gusau da Abuja ke nufi gare shi.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. A Janairun 1961 shugaban Amurka Eisenhower, tsohon janar, ya yi wa mutanensa bankwana da gargaɗi kan haɗin bakin sojoji da kamfanonin ƙera makamai. Wani masanin tattalin arzikinsu, Mancur Olson, ya yi bayanin dalilin a 1965: mutum goma da kowannensu zai samu miliyan sun fi saurin haɗa kai a kan mutum miliyan da kowannensu zai yi asarar naira goma. Bambancin shi ne a can masu kamun ƙafa a majalisa doka ta tilasta musu yin rajista, a san wanda ya biya da abin da yake nema. Mu a nan sai uwargidan shugaban ƙasa ta gaji, kamar yadda Aisha Buhari ta yi a Sashen Hausa na BBC a Oktoban 2016, ta ce wasu 'yan tsiraru sun ƙwace gwamnatin mijinta. Ita ma "wasu" ta ce.

In aka ce sai na ɗora su a sikeli, ni a ganina ɓarnar marasa suna ta fi nauyi, saboda ba ta da wa'adi. Tun da aka ƙirƙiro jihar a 1996 an yi shugabannin ƙasa farar hula biyar da gwamnoni biyar, jam'iyyu sun hau sun sauka, an yi farmakin soja na Harbin Kunama a 2016 har Buhari ya sa kakin soja ya je dajin Ɗansadau, an yi Sharan Daji, an yi Hadarin Daji, ana Fansan Yamma. Dillalin zinare da mai karɓar shanun sata ba su taɓa faɗuwa zaɓe ba. Amma wannan ba wanke shugaban ƙasa ba ne, don shi ba kurar gardi ba ce da aka sa wa takunkumi. Lasisin ma'adinai a hannun ministansa yake, kwastan da filayen jirgin sama nasa ne, 'yan sandan ciki da hukumar EFCC gare shi suke kai rahoto. Duk wanda ministansa ya kira "wasu", akwai fayil ɗinsa a wani ofishi da ke ƙarƙashinsa. Laifinsa mafi girma a Zamfara ba ya cikin jawaban da ya karanta, yana cikin fayilolin da bai buɗe ba. Kurar da ke shan bugu kuwa tana can Wanzamai da Sabon Gida, tana sayar da gona don fanso 'yarta.

An ɗage haramcin haƙa, farashin zinare ya yi ta hawa, takardun neman lasisi kuma a Abuja ake shigar da su. Manomin Kwatarkwashi da ke duban dutsen garinsu ba shi da hanyar sanin ko an riga an yanka wa wani kamfani ƙarƙashin gonarsa, balle ya san wa ke bayan kamfanin. Rahoton M. D. Abubakar ya haura shekara biyar, yaran da ya ƙirga a cikin marayu wasunsu sun isa yankar katin zaɓe. Motocin Funtua kuma har yanzu suna rige-rigen wuce Magazu kafin la'asar ta yi sanyi.